Mai Ciki da Gaɓar Ƙarfe a Kwatangwalo: Abin da Ke Sa Gaɓar Ta Goce

Darasinmu na ɗakin awon ciki a wannan fitowar ya ɗan karkata zuwa sashen ƙashi, kuma da dalili. A 'yan shekarun nan muna ƙara ganin mata suna zuwa awo da dogon tabon tiyata a gefen cinya. In muka tambaya sai mace ta ce, "An sa mini ƙarfe ne." Wata ma ba ta faɗa sai mun gani da idonmu ranar haihuwa, domin a ganinta maganar ƙashi daban, maganar ciki daban. To, ba daban ba ne. Idan an taɓa sauya miki gaɓar kwatangwalo, ko kuma akwai wanda aka yi wa wannan aikin a gidanku, ki karanta wannan a tsanake, ki kuma ba maigida ya karanta.

Wataƙila wata ta yi mamaki, yaya za a yi yarinya mai shekara ashirin da 'yan kai ta kai ga irin wannan aikin da aka sani da tsofaffi? Amsar a nan ƙasarmu yawanci ita ce sikila. A Nijeriya ana haifar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta a kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadonta. Jinin mai sikila yakan toshe ƙananan hanyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya. Idan ƙashin ya rasa jini sai ya mutu, ya lotse, tafiya ta zama azaba. Akwai kuma waɗanda haɗarin mota ya kai su ga aikin, da waɗanda aka haifa da gaɓar da ba ta zauna daidai ba. Ana yin aikin a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano da wasu manyan asibitoci, wasu kuma a ƙasashen waje aka yi musu. Mace takan warke, ta yi aure, ta samu ciki, sai ta iso hannunmu.

Bari in fara kwantar miki da hankali. Gaɓar ƙarfe ba ta hana ɗaukar ciki, ba ta kuma hana haihuwa da kanki. A shekarar 2005 likitocin asibitin Mayo da ke Amurka sun bibiyi mata 47 da suka haihu bayan an sauya musu gaɓa. Talatin daga ciki sun haihu da kansu, 17 aka yi musu aiki, kuma ba a ga cewa ciki ya rage wa gaɓar ƙarko ba. Fiye da rabinsu dai sun yi kukan ƙarin ciwo a kwatangwalo lokacin goyon ciki. Abin da muke tsoro shi ne gocewa, wato ƙwallon gaɓar ya fita daga mazauninsa.

Yadda gaɓar take

Ki ɗauki kan ƙashin cinya kamar ƙwallo, mazauninsa a ƙugu kuma kamar ƙoƙo. A gaɓar da aka haife ki da ita ƙoƙon yana da zurfi, an kewaye shi da jijiyoyi masu ƙarfin gaske, shi ya sa sai an yi mummunan haɗari take gocewa. Lokacin tiyata dole likita ya yanka wannan jakar jijiyoyi kafin ya kai ga ƙashi. Sai ya cire mataccen kan ƙashin, ya sa ƙwallo na ƙarfe ko na tangaran, ya kafa sabon ƙoƙo a ƙugu. Daga nan abin da ke riƙe ƙwallo a cikin ƙoƙo shi ne ƙarfin naman wurin da tabon da zai haɗe daga baya. Kafin tabon ya yi ƙwari gaɓar tana kwance-kwance. Wannan ne ya sa fiye da rabin gocewar da ake samu take aukuwa a cikin wata uku na farko bayan aiki. Amma kada wadda ta shekara biyar da aiki ta ce ta tsira, domin ƙoƙon yakan cinye da shekaru, nama kuma yakan saki.

A cikin mutum 100 da aka yi wa aikin a karon farko, kimanin 1 zuwa 3 ne gaɓarsu ke gocewa. Ga wanda aka sake buɗewa aka yi wa gyara karo na biyu, adadin yakan kai 10 cikin 100 ko ma ya wuce.

Gocewar da ta fi yawa ta baya ce, kuma motsi uku ne ke haɗuwa su kawo ta: gwiwa ta hau sama ta wuce tsayin kwatangwalo, ƙafar ta tsallaka tsakiya zuwa ɓangaren 'yar'uwarta, sannan gwiwa da yatsun ƙafa su juya ciki. Kowanne shi kaɗai gaɓar takan jure. In suka haɗu su uku, wuyan ƙarfen sai ya tokari bakin ƙoƙo ya banƙaro ƙwallon waje, kamar yadda ake buɗe murfin gwangwani da cokali. Ki riƙe wannan hoton a ranki, domin duk abin da zan faɗa a gaba a kansa yake tafiya. Akwai gocewa ta gaba, wadda ke zuwa idan aka miƙar da ƙafa baya sosai aka kuma juya ta waje, amma ba ta kai ta baya yawa ba.

Abin da kika zo da shi a jikinki

Ba kowa ne haɗarinsa ɗaya ba. Wadda aka taɓa yi wa wata tiyata a wannan kwatangwalon kafin a sauya gaɓar, namanta ya riga ya sha wuƙa, riƙonsa ba zai kai na sabo ba. Wadda aka yi wa aikin saboda mutuwar ƙashi, kamar masu sikila, ko saboda karaya, ta fi wadda aka yi wa saboda sanyin ƙashi na tsufa shiga haɗari. Mai sikila kuma sau da yawa ta yi shekaru tana ɗingishi kafin a samu kuɗin aiki, naman ɗuwawu da na gefen cinya duk ya rame, alhali shi ne ke danne ƙwallo a cikin ƙoƙo.

Duk cutar da ke hana mutum sarrafa ƙafarsa tana ƙara haɗari: shan inna, shanyewar ɓarin jiki, cutar karkarwa ta Fakinsan, da farfaɗiya. A nan ina jan hankalin masu ciki musamman, domin jijjigar taune-taune da hawan jini ke kawowa tana iya fizge gaɓa kamar yadda farfaɗiya ke yi. Wannan ƙarin dalili ne na kada ki yi wasa da gwajin hawan jini a kowane awo.

Ƙiba ma tana ciki. Idan cinyoyi sun yi kauri, wajen zama sai su tokari juna su ture gaɓar. Haka ƙashin baya da ya sandare, ko wanda aka yi wa aiki aka haɗe shi da ƙarfe. A ƙa'ida idan mutum ya zauna ƙugunsa yakan ɗan karkata baya ya ba cinya wuri. In bayan ya sandare ƙugu ba zai karkata ba, sai gaɓar ta ɗauki duk lanƙwasar ita kaɗai. Likitocin ƙashi sun ƙara fahimtar wannan a 'yan shekarun baya, har sukan ɗauki hoton bayan mutum a tsaye da a zaune kafin aiki.

Sai maganin da ke sa maye ko barci. Na san zafin ciwon sikila, ba na kuma zargin kowa. Amma wadda ta sha tiramadol ko ta yi wa kanta allurar kashe ciwo a gida ba tare da likita ba, takan manta da ƙafar, ta yi juyin da ba za ta yi ba in tana cikin hayyacinta, ko ta faɗi a banɗaki.

Abin da ya rataya a kan aikin kansa

Wannan ba a hannunki yake ba, sai dai yana da kyau ki sani don ki iya tambaya. Wajen da likita ya shiga yana da tasiri. Shiga ta baya ta fi alaƙa da gocewar baya, ko da yake idan an ɗinke jijiyoyin bayan da kyau bambancin yakan ragu ƙwarai. Yadda aka kafa ƙoƙon ma haka: tun 1978 likitoci ke aiki da ma'aunin karkata kusan digiri 40 da fuskantar gaba kusan digiri 15. Girman ƙwallo shi ne na uku. Gaɓar da likita Canli ya fito da ita a Ingila a 1962 ƙwallonta milimita 22 ne. Yau an fi sa mai milimita 32 ko 36, domin babban ƙwallo ya fi wuyar tsallake bakin ƙoƙo. Akwai kuma wata mai motsi biyu, ƙwallo cikin ƙwallo, wadda aka ƙirƙira a Faransa a shekarun 1970, ana sa wa masu babban haɗari.

Saboda haka ranar awonki na farko ki zo da takardar sallamar da aka ba ki bayan tiyata, da hotunan ƙashi in suna nan. Muna so mu san shekarar da aka yi aikin, wace ƙafa ce, ta ina aka shiga, wace irin gaɓa aka sa, kuma ko ta taɓa gocewa. Wadda ta taɓa gocewa sau ɗaya ta fi saurin sakewa. Za mu rubuta a saman katinki da jan biro, mu kuma haɗa ki da likitan ƙashi tun ciki yana ƙarami.

Zaman gida

Nan ne maganar take, kuma nan ne takardun da ake kawowa daga waje ba sa yi mana amfani sosai, domin an rubuta su ne don mutanen da ke zaune a kan kujera, suna girki a tsaye. Mu kuwa rabin rayuwar mace a ƙasa take. Masai na tsuguno ne. Girki a murhu ne, kan kujera 'yar tsuguno. Wanke-wanke, wanki, tsintar shinkafa, kitso, cin abinci, duk a ƙasa. Shara da gajeriyar tsintsiya sai an sunkuya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana kai gwiwa sama da kwatangwalo.

Zaman da na fi jin tsoro shi ne wanda muka saba yi a kan tabarma, mace ta lanƙwashe ƙafafu biyu ta kai su gefe ɗaya. A wannan zaman ɗaya cinyar tana lanƙwashe kuma ta juya ciki, saura kaɗan motsin nan uku su cika. Tashi daga ƙasa ma haka, musamman in an haɗe gwiwoyi an ware diddige. Ga mai ciki wata bakwai, wadda nauyinta ya ƙaru da kilo takwas ko goma, kuma ba ta ganin ƙafarta, abin ya fi wuya. Jikin mai ciki kuma yana fitar da wani sinadari, rilaksin, mai sassauta jijiyoyin ƙugu don buɗe wa jariri hanya. Tafiya takan canza, faɗuwa takan yi sauƙi.

Maigida, nan ne aikinka. Kafinta zai iya yi maka kujerar katako mai rami da za a ɗora kan masai, tsayinta ya ɗan wuce gwiwar mai ɗakinka, a kafa ƙarfen dafawa a bango. A ɗaga murhu ko risho a kan tebur. A sayi tsintsiya mai dogon mariƙi. Katifar da ke ƙasa a ɗora ta kan gado. Kujerar falo mai laushi da mutum ke nutsewa a ciki, a ƙara mata matashi mai tauri ko a bar ta. Duk wannan bai kai kuɗin kwana ɗaya a ɗakin tiyata ba. Game da abin hawa, acaɓa ba nata ba ne. A daidaita sahu ma kujerarsa gajera ce, gwiwa takan hau sama, ga ramukan hanya. In mota ce ta zauna a gaba, a tura kujerar baya, ta fara zama sannan ta shigo da ƙafafu tare.

Wajen barci muna ce wa masu ciki su kwanta ta gefe. Ke mai gaɓar ƙarfe ki sa matashi mai kauri tsakanin gwiwoyinki, don kada ƙafar sama ta zame ta tsallaka cikin barci. Sallah kuma, sujada da zaman tahiya suna lanƙwasa gaɓar sosai. Ki tambayi likitan ƙashinki ko lokacin komawa ƙasa ya yi. In bai yi ba, ko ciki ya tsufa, malamai sun yi bayanin sauƙin da aka yi wa marar lafiya na yin sallah a zaune. Kwanciyar aure ba a hana ba, sai dai a kiyaye danna gwiwa zuwa ƙirji.

A da, ana ɗora wa duk wanda aka yi wa aikin dokoki masu tsauri na mako shida zuwa goma sha biyu. Yanzu likitoci da yawa sun sassauta wa marasa babban haɗari, musamman in an sa babban ƙwallo. Don haka za ki iya haɗuwa da wata a layin awo ta ce ita likitanta bai hana ta komai ba. Kada ki ɗauki dokar wata. Kuma kada tsoro ya sa ki kwanta ki daina motsi, domin naman da ba ya aiki ramewa yake yi. Ki ci gaba da tafiya da motsa jikin da masu gashin ƙashi suka koya miki.

Ranar haihuwa

Ki haihu a asibiti. Ga mai sikila wannan ba abin tattaunawa ba ne ko da babu ƙarfe. Da isowarki ki gaya wa ungozomar da ke aiki, ko da an rubuta a kati, domin masu aikin dare ba su ne na safe ba. Abin da za mu kiyaye shi ne gwiwoyinki su kasance a ware suna kallon waje, kada a danna su ƙirji, kada kuma a rataye ƙafafu a ƙarafunan gadon haihuwa da tsayi ko a daɗe. Wata takan fi jin daɗin haihuwa a kwance ta gefe, wani ya riƙe mata ƙafar sama. Akwai lokacin da kafaɗar jariri ke maƙalewa, wanda a ƙa'ida muke tura cinyoyin uwa zuwa cikinta da sauri. In mun san da ƙarfen tun farko, za mu shirya yadda za mu yi da wanda zai riƙe wannan ƙafar.

In an yi miki allurar baya mai kashe zafi, ƙafafunki za su mutu na wasu sa'o'i. Zafin da zai gargaɗe ki cewa ƙafa ta karkace ba za ki ji shi ba. 'Yar rakiya ta lura da wannan wajen ɗaga ki daga gado zuwa gado. Shawarar yin aiki a ciro jariri kuwa ana yanke ta ne bisa lafiyarki da ta jariri, ba don ƙarfen kawai ba, sai fa in gaɓar ta sandare har cinya ba ta buɗewa.

Jego

Akwai wata baiwar Allah mai sikila, shekarunta 26, da muka yi ta lallaɓawa wata tara. Ta kiyaye komai, ta haihu da kanta lafiya, muka sallame ta muna murna. Kwana tara da haihuwa, bayan suna, tana zaune kan 'yar gajeriyar kujera ana yi mata wankan jego, sai ta juya za ta ɗauko sabulu a bayanta ba tare da ta ɗaga ƙafa ba. Ta ce ta ji ƙas, daga nan ba ta sake iya tashi ba. Dangi suka kira mai ɗori, ya ja, ya murɗa, ya ɗaure. Sai bayan kwana biyu aka kawo ta. Gaɓar da da an mayar da ita cikin 'yan mintuna sai da aka sake buɗe ta, jaririn kuma ya yi kwanaki a hannun kakarsa ba nono. Har yau ina ganin da laifinmu a ciki. Mun yi mata bayanin naƙuda dalla-dalla, ba mu ce komai a kan jego ba, kuma ba mu zauna da mahaifiyarta ba, alhali ita ce za ta yi wankan.

Saboda haka iyayenmu mata, ku ne nake roƙo. In za a yi wa mai jego wanka, ta zauna kan kujera mai tsayi, a ajiye komai a gabanta, ƙasa kuma kada ta yi santsi. Ta shayar da jariri a bakin gado ko kan kujera, ƙafafu a ƙasa, ba a harɗe ba. Kada a shimfiɗe jariri a tabarma ta riƙa sunkuyawa tana ɗauka, a miƙo mata shi. Ranar suna da 'yan barka suka cika ɗaki, kada kunya ta sa ta sauka ƙasa don manya suna zaune a ƙasa. Ke uwa ko uwar miji, ke za ki faɗa da bakinki cewa likita ne ya hana, sai kowa ya yi shiru. Jijiyoyin mai jego ba sa komawa yadda suke sai bayan makonni, ga gajiya da rashin barci.

Wannan darasin ya shafi tsofaffin gida ma. Kaka da ta faɗi ta karye a kwatangwalo aka sa mata ƙarfe tana cikin masu babban haɗari, balle in shekaru sun ja ko akwai gigin tsufa, domin za ta manta ta koma zaman tabarmarta. Ita sai an sa wanda zai riƙa kula da ita, a kuma bar fitila a hanyar banɗaki da dare.

In ta goce

Alamun ba sa ɓuya: ƙara ko jin wani abu ya fita, ciwo mai tsanani a kwatangwalo ko matsematsi, kasa taka ƙafa. Ƙafar takan gajarce ta juya ciki, ko ta juya waje in gocewar gaba ce. Kada a ja, kada a murɗa, kada a kai wa mai ɗori. Aikinsa a kan ƙashi ne, wannan kuwa ƙarfe ne a cikin ƙashi, kuma ƙashin mai sikila ba ya da ƙwari. Ja da ƙarfi yana iya fasa ƙashin cinya ko ya lahanta babbar jijiyar da ke bi ta bayan gaɓar, ƙafa ta shanye.

A bar ƙafar yadda take, a tokare ta da matasai, a ɗauko marar lafiya a kwance zuwa sashen taimakon gaggawa. In cikin ya tsufa a ɗan karkata ta gefen hagu da matashi, kada ta kwanta rigingine sak. Kada a ba ta abinci ko ruwa, domin za a yi mata allurar barci kafin a mayar da gaɓar. A gaya wa likita watannin cikin tun a bakin ƙofa. Kada tsoron hoton ƙashi ya sa ku ƙi, hasken hoto ɗaya ko biyu kaɗan ne, likitoci kuma sun san yadda za su taƙaita shi. Yawanci ana mayar da gaɓar ba tare da yanka ba, kuma kusan biyu cikin uku na waɗanda aka mayar wa haka ba sa bukatar sabuwar tiyata.

Akwai kuma alamun da ba su kai gocewa ba amma suna bukatar a duba cikin makon: jin gaɓar tana ƙas-ƙas ko kamar za ta zame, sabon ɗingishi, ko zazzaɓi tare da ciwo da kumburi a wurin tabo. Masu sikila sun fi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta a gaɓar ƙarfe, kuma ciwon yakan yi kama da tashin sikila, don haka kada ki yanke hukunci a gida. Kada kuma ki sayi maganin ciwon ƙashi irin su dikulofenak ko ibufurofen a kemis alhali kina da ciki. Ki zo ɗakin awo da katinki ko da ba ranarki ba ce, za mu kira likitan ƙashi ya gan ki a nan.